Fenti Shuɗi a Kwanonin Bobiel

Litinin, 4 ga Agusta
Baba ya sake ɓata. Daga masallaci zuwa gida kwana uku kacal ake sha. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa taksi a Yamai! Na yi masa faɗa gaban Inna. Takalminsa kawai yake kallo.

Alhamis, 7
Laifin kartiyen nan ne. Unguwar Bobiel duk gini ɗaya, bulo toka-toka, ƙofa baƙa, babu bishiyar da za ka riƙe. Wani tsohon littafi da na saya bakin gudron, babban titi, ya ce kai ba ya riƙe abu fiye da huɗu ko biyar a lokaci guda, kuma da an katse ka sai su zube. Ni ma haka nake kai saƙo a moto, wato babur. Ana ba ni kwatance, ina maimaitawa a baki: farmasi, dama, famfo, hagu. Baba kuwa na biyu ma ba ya kaiwa.

Asabar, 9
Tun hantsi babu shi. Da la'asar Yacouba mai gonar shinkafa, tsohon maƙwabcinmu, ya kira ni daga Saga, tsohuwar unguwarmu. A ƙafa Baba ya je. Na tarar da shi zaune a filin da gidanmu yake kafin ruwa ya cinye shi, ya cire takalmi ya ajiye daidai inda ƙofar zaure take a da. Yacouba ya ce karo na uku ke nan. Ya ce kakana ma haka ya fara. Wa ya tambaye shi?

Talata, 12
Ban yi wa kowa magana ba yau.

Juma'a, 15
An ba ni ɗinki in kai unguwar Talladjé. Lakwal, wato makaranta, hagu, mai walda, dama, ƙofa koriya. Ina ta maimaitawa sai waya ta yi ƙara, na duba, na mayar aljihu. Shi ke nan, babu ko ɗaya a kaina. Amma hannuna bai daina juya moto ba, ni kuma na bar shi.

Warin laka na fara ji, sannan kukan kwaɗi, da rana tsaka. Saga. Filin.

Baba na zaune, takalmi a ƙofar da babu. Bai yi mamaki ba. Ya matsa mini wuri, ya ce, "Cire takalminka, Abdulhakim. Kai ma ka fara zuwa?"

Ban san ya fita ba. Inna ma ba ta sani ba.

Lahadi, 17
Na sayi fenti shuɗi. Na yi alama a kowace kwana daga masallaci zuwa gida, babba, yadda ba sai an riƙe komai a kai ba. Wani mai gida ya fito zai yi magana, na ba shi haƙuri. Ni, haƙuri.

Da azahar muka bi su tare da Baba, shi a gaba. Ya kawo mu gida.

Na yi wasu alamomi biyu a hanyar wurin aikina. Fentin ne ya yi saura.