Injin Fijon Baba

Luggere, Jimeta
3 ga Disamba

Adda Kezia,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Gombe, yaya yara da maigidan? Mama lafiya lau, tana gaishe ku.

Maganar fijon Baba ce. Kin san burin Mama: bana ta shiga ƙauye ranar Kirsimeti a motar mijinta, kamar lokacin da yake raye. Na sauke injin, na sayo manyan fistin don ta ƙara gudu. Saura borin, wato a faɗaɗa ramukan bulok ɗin daidai da fistin. Sau uku aka taɓa yi masa, wannan ne na ƙarshe, don naman ƙarfen ya ƙare.

Na kai wa Bappa Hamajoɗa, tsohon nan abokin Baba. Adda, abin dariya! Wai ba zai taɓa shi ba sai bulok da fistin sun kwana biyu tare a ɗaki ɗaya, a inuwa, sannan ya auna da sassafe. Kamar amarya da ango! Wai na ɗauko shi cikin rana, jikinsa da zafi. To a Yola wa jikinsa ba zafi? Mutumin da tabarau ɗinsa ma da zare yake ɗaure, injin aikinsa ya girme ni. Tsufa ne kawai da son a yi ta durƙusa masa. Na kwashe kayana.

Ƙaninki,
Othniel

6 ga Disamba

Adda,

Ina fata kuna lafiya. Aiki ya kammala! Na kai wa Jerry a Jambutu, mai sabon inji da ma'auni mai nuna lamba. Daga bayan a-kori-kura, tsakar rana, ya ɗora bulok ɗin a kan injinsa, kafin la'asar ya gama. Ba kwanan ɗaki, ba tsafi. Da gangan na bi ta ƙofar shagon Bappa da bulok ɗin yana sheƙi. Ya ɗaga kai, ya koma kan shayinsa. Me zai ce? Zamani ya wuce shi, ya bar shi da tsummansa.

Ki ce wa yara su shirya, za su ga gudu.

Othniel

14 ga Disamba

Adda,

Ina gaisuwa. Ni dai ba lafiya ba, zuciyata ce.

Injin ya buga. Na fita gwaji, ban kai Ngurore ba ya shaƙe, ya tsaya cak. Da muka buɗe, fistin biyu sun kama, sun kakkarce ramukan. Ashe ƙarfe mai zafi buɗewa yake yi. Jerry ya auna shi a buɗe, da ya huce ramukan suka tsuke. Wannan banzan, da lambobinsa da takalminsa mai tsini, ko taɓa ƙarfe da bayan hannu bai iya ba. Wai laifin mai ne. Tir! Teburin sayar da katin waya ya fi dacewa da shi.

Na koma wurin Bappa ina jin kunya. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya zura yatsa a ramukan, ya daɗe, ya ce ba sauran naman ƙarfen da za a ci a jikin bulok ɗin. Borin ukun baya duk shi ya yi, kuma duk lokacin Baba zama yake ya jira.

Mama ba ta sani ba. Kullum da safe tana goge gilashin motar. Jiya ta tambayi injin, bakina ya ce yana wurin Bappa, yana kwana a ɗaki. Ta yi murmushi, ta ce madalla, ashe na gaji haƙurin ubana.

Adda, ki zo ki gaya mata. Ni ba zan iya ba.

Ƙaninki,
Othniel