Babban Yatsan Sale

Talata, bayan isha'i.

Tun bara nake jin wai allon wasan nan mai maɓallai a gefe yana farkar da yatsun da suka mutu. Na ce ƙanzon kurege ne. Yau na leƙa unguwar Abakpa duba Sale, abokin darata da hannunsa ya shanye, har na fid da rai za mu sake karawa. Na tarar yana tuƙa mota a allon da 'yarsa ta kawo masa, yana ta karo da bango.

"Tsoho, yarinta ta dawo?" na ce.

"Zauna mu yi dara, ka gani."

Da hannun nan ya ɗauki tsakuwa, ya ci ni sau biyu. Alhamdu lillahi. Na ƙarshen da ya ba ni labarin allon dai babban yatsan Sale ne, kuma na yarda.