Gurbin Jita a Waƙar Marigayi Yeom Dal-ho

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Masoya Kiɗan Rok ta Bakin Tasha, birnin Mokpo, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaba ta Dindindin, Uwargida Ok Bun-rye, mai shagon taliya da ke daura da tashar jiragen ruwa, kuma kakata, ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya, Gwarzon Dandamali, Tsawar Bakin Teku, Malam Yeom Dal-ho, jagoran tawagar Jirgin Ƙarshe, wanda ya rasu jiya Talata da hantsi yana da shekara saba'in da tara, a kan kujerar aski, jim kaɗan bayan ya gargaɗi mai askin cewa gyaran gemu kawai ya zo yi, kada a kuskura a taɓa masa gashin kai.

Kafin Kakakin Ƙungiya, wato ni, ta ci gaba, ya zama dole ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ban taɓa jin waƙar Marigayi daga farko har ƙarshe ba. Auduga nake cusawa a kunne. Abin da ke kai ni ɗakin bayan shago ranar taro shi ne ƙasansa ya fi ko'ina ɗumi, sai in lafe bayan buhunan fulawa ina karanta littattafaina na soyayya, kuma an naɗa ni Kakaki ne don ni kaɗai ce a Ƙungiyar nake ganin ƙananan haruffa ba tare da tabarau ba. Amma da zarar an kashe kiɗa Marigayi ya gyara zama zai fara hira, cire audugar nake yi.

Ƙungiya na shaida wa jama'a cewa Marigayi ya yi wa wannan gari hidima da maƙogwaronsa tun yana matashi mai sauke kwandunan kifi a tasha, a zamanin da 'yan sanda ke tare samari a titi da almakashi suna rage musu dogon gashi, zamanin da ya kan tusa gashinsa cikin hular masunta ya bi ta lungu, sai ya hau dandamali sannan ya sake shi ya zubo har gadon baya, mata su yi ta ihu, cikinsu har da Mai Girma Shugaba, ko da yake ta ce ita ƙafarta aka taka. Ya yi waƙa a gidajen rawa, a bukukuwan kifi, a filin makaranta, har da bikin buɗe wata masana'antar ƙanƙara inda ƙarar lasifikarsa ta fasa tagogi kafin a yanka kirtani. Bai taɓa rage murya don kowa ba, ko likita.

Haka kuma Ƙungiya na tunawa da yadda Marigayi ke girmama abokan sana'arsa da suka riga shi, a irin tasa hanyar. Game da makaɗin gangunansa, Marigayi Ma Deuk-chun, cewa yake yi, "Wannan ai cikinsa ne ke kiɗa. In yunwa ta kama shi sai ya ƙara gudu, waƙar baƙin ciki ta koma tseren doki, don dai mu tashi kafin a rufe shagon taliya." Game da Marigayi Seok Pil-gu mai babbar jita kuwa, cewa yake yi, "A tsaye yake barci, hannunsa na aiki. Ranar da ya farka a tsakiyar waƙa, ranar ya yi kuskure." Yana faɗa yana dariya har sai tari ya sarƙe shi, sannan ya zuba musu giya a ƙananan kofuna biyu ya ajiye a gefen tebur, ba mai taɓawa.

Mutum ɗaya ne ba ya zuba wa, domin yana raye. Wannan shi ne Malam Bang Chil-seong, mai jitar tawagar, wanda yanzu yake noman ganyen teku a tsibiri. Kamar yadda dattawan gari suka sani, surukinsa ya gindaya masa sharaɗin aski kafin a ba shi mata, ya je ya yi, ya hau dandamali da kai fes kamar dafaffen ƙwai. Marigayi ya juyo ya gan shi, ya ce a cikin makirfo, "Jama'a, wa ya gayyato mana ma'aikacin banki?" Zaure ya tuntsire da dariya, amarya na zaune a layin gaba. Malam Bang ya jira har aka zo wurin da jitarsa ke kuka ita kaɗai a tsakiyar waƙar "Hazon Tasha", ya zare wayar jitarsa daga lasifikar hagu, ya rataya jita, ya sauka ya nufi jirgi. Fiye da shekara arba'in ke nan.

Tun daga ranar Marigayi bai yarda wani ya kaɗa wannan wuri ba. In an zo gurbin, sai ya tsaya ƙerere ya harɗe hannu, yana kallon rufi, ga lasifika a gefen hagu a kunne tana gurnani ba kowa a gabanta. Da shirun ya ishi mambobin Ƙungiya sai suka fara cike shi da baki, kuma duk wanda ya taɓa jin tsofaffin mata goma sha wani abu suna "wiii, wiii, waaaw" kowace da nata sauti, ya san dalilin audugata. In an tambaye shi me ya sa ba zai ɗauki sabon mai jita ba, sai ya ce, "Ba wanda ya iya. Shi ma wancan mai ƙwalƙwal ɗin ba iyawa ya yi ba." Kowane taro sai ya zage shi. Kowane taro kuma sai ya leƙa taga ya ce, "Ke 'yar littafi, duba mini teku, jirgi zai iya tasowa yau?" In na ce me ya haɗa shi da jirgi, sai ya ce gwiwarsa ce ke son sanin yanayi.

Kwamitin Zartarwa ya zauna da safiyar nan a kan batun ko za a aika wa Malam Bang sanarwa, tunda gobe Alhamis da safe, in an ɗauko Marigayi, za a tsaya da shi a bakin tasha a saka "Hazon Tasha" karo na ƙarshe, kuma matuƙan jirgi sun kawo labari cewa Malam Bang ya ji rasuwar, ya ce shi ba a aiko masa ba, ba ya zuwa inda ba a kira shi ba. Mai Girma Shugaba ta ce, "To ya zauna ganyen teku ya ci shi! In ya tako nan da ludayi zan tarbe shi. Mu za mu yi wiii ɗinmu." Ma'aji ta ce haƙoranta na roba sun yi sako-sako, ba ta da tabbacin kai murya sama. Aka ce ta riƙe da hannu. Kwamiti ya yanke cewa ba za a aika ba. Kakaki dai ba ta taɓa magana a taro ba.

Sai dai Kakaki ta karanta littattafai da yawa, kuma a cikinsu duka, wanda ake zagi tun shafin farko shi ake jira a shafin ƙarshe.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga babban ɗan Marigayi, Malam Yeom Gi-tae, da ke tsaye gaban hoton mahaifinsa yana karɓar masu gaisuwa tun jiya, da ƙannensa, da jikoki, da mai askin, tana roƙon Ubangiji ya ba su juriya da ƙarfin zuciya, ya sa Marigayi ya huta, ya kuma ba waɗanda ya tarar a can haƙurin muryarsa.

An buga wannan saƙo kwafi biyu. Ɗaya na liƙa a ƙofar shago. Ɗayan yana cikin littafina, a tsakiyar babin da na tsaya. Ina jin amai a jirgi, ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar baƙo ba, kuma na san in Malam Bang ya buɗe muryata za ta maƙale, shi ya sa na rubuta komai a nan don kada sai na yi magana. Hannu kawai zan miƙa masa da takardar.

Malam Bang, lasifikar hagu tana nan, an goge ta. Ka zo da jitarka. Ka zo da hula kuma, saboda ludayi.

Kaka, taliyar rana tana kan wuta, ki duba. Na tafi tasha.

Sa hannu:
Pyo Da-som
Kakakin Ƙungiyar Masoya Kiɗan Rok ta Bakin Tasha, Mokpo
(ba da izinin Kwamitin Zartarwa ba)