Tabilet Ba Ta San Gandu Ba

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Yau koperatif ɗin manoman shinkafa ya damƙa mini tabilet. Ni Labo, da na bar lakwal tun aji huɗu. Zuliha ce ta kai sunana, ƴar Kawu Tanko, taubashiyata, wadda ta yi karatun ordinata, wato kwamfuta, a Yamai, ta dawo Gaya da aikinta ya tsaya bayan soja sun karɓi mulki. Ta ce wa shugaba, “Ba shi da boko, amma ba shi da garaje, kuma ya san gonar kowa.” Da muka fito ta ce, “Kada kanka ya kumbura, ɗan mace, mai arha na nema.”

Aikin shi ne in bi fadama in shigar da kowace gona. Wadda ba ta shiga ba zuwa ashirin ga wata, ba iri ba taki bana. Taki kuwa tun da aka rufe gadar kan iyaka ya zama sai wane da wane.

Laraba, 8 ga Mayu

Abin yana da taurin kai. Ka bar gurbi ɗaya fanko, sai ya yi ja ya tsaya. Na sa “babba” wurin faɗin gona, ya ƙi, wai lamba yake so.

Na tambayi Zuliha wa ya gaya masa. Ta ce akwai wani ɗan fishe, wato fayil, da suke kira shema, a ciki aka tsara kamannin bayani: wannan gurbi suna, wancan lamba, wannan dole, wancan ganin dama. Kullum na kunna tabilet sai ta janyo shemar ta karanta, duk abin da na shigar ta gwada shi a kai. In ya dace ta ɗaure shi ƙunshi ƙarami, ya jira rezo, wato layin sadarwa, ya tafi ordinatar biro, ofishin koperatif, can a kwance shi da shema iri ɗaya. Ta ce abin ɗaurewar ba ita ta ƙera ba, na aro ne, masu irin aikinta ko'ina da shi suke aiki. Shemar ce kawai a hannunta.

Na ce ashe abin buga bulo ne, laka ta bi shi ko a mayar da ita rami. Ta dube ni ta ce, “Kai, ashe jaki ma yana jin kiɗa.”

Alhamis, 9 ga Mayu

Na zo kan gonarmu. Gurbin mai gona ɗaya ne, suna ɗaya, sannan zanen yatsa. Na rubuta Mamman, sunan Baba. Hannuna ne ya rubuta, ban yi shawara da shi ba. Sai ta nemi yatsansa.

Baba ya rasu lokacin girbin bara. Gonar gandu ce: ni da Yaya Abdu da Inna, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ba a raba ba, ba a ma yi zancen ba.

Na kashe tabilet na wuce gonar gaba.

Asabar, 11 ga Mayu

Gida uku ke nan na gani sun yanka gandunsu saboda wannan gurbi. Ba faɗa, ba kowa ya tilasta musu. An ce suna ɗaya, kowa ya ji tsoron a sa na ɗan'uwansa, sai suka ja igiya suka kafa turaku.

Da cin tuwo Yaya ya ce, “Mu ma a raba kawai, kowa ya sa nasa.” Inna ta ci gaba da tsince wake kamar ba da ita ake ba. Amma na ga ta zuba tsakuwa cikin masu kyau.

Lahadi, 12 ga Mayu

Zafi. Ba kuran, an ɗauke wuta. Ban yi wa kowa magana ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na gaya wa Zuliha a biro. Na zaci za ta tsokane ni. Sai ta ce shemar daga tsohon wurin aikinta ta kwaso ta, ba ta ko tsaya ta duba ba. “Ni da na ci tuwon gandun nan har na yi kumatu.”

Ta ce da a cikin jikin lojisiyel ɗin, wato manhajar tabilet, aka gina ƙa'idar, da sai an karɓe duk tabilet an sake su. Amma tunda kullum janyo ta ake yi, fishen kawai za ta gyara, gurbin ya karɓi sunaye da yawa. Shugaba ya ce ta yi, amma ranar rufewa ba za ta motsa ba, motar taki ba tasa ba ce.

Laraba, 15 ga Mayu

Na kunna da safe cike da murna. Ta janyo sabuwar, ta yi ɗan tunani, ta ce ba ta karɓa ba, ta koma kan tsohuwar.

Ashe shemar ma sai an duba ta kafin a yi awo da ita. Zuliha ta ambaci wani abu “gida” a ciki, ba ta faɗi abin da gida ya ƙunsa ba. Ta dafe kai. Na ce ai gaskiyar tabilet, ko ni aka ce in auna da tiyar da ban ga gindinta ba, ba zan auna ba. Ta ce, “Wa ya tambaye ka, ɗan mace?” Amma ta yi murmushi.

Juma'a, 17 ga Mayu

Yau ta karɓa, sai kuma wata ta ɓullo. Duk gonakin da na shigar tun farko suka yi ja a ordinatar biro. An ɗaure su da suna ɗaya, sabuwar shema kuma jerin sunaye take nema, ta kasa kwance su. Labari ya kai masallaci kafin mu. Bayan salla mutane suka cika ƙofa, wani tsoho yana cewa an share shi da ransa.

Zuliha ta mayar da tsohuwar, komai ya dawo kore, aka watse. Shugaba bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ƴata, kada garin gyaran gira a rasa ido. In bai yiwu ba Litinin, a bar shi yadda yake.”

Na same ta bayan biro gindin mangwaro, idonta ja. Na sayo mata fura mai sanyi. Ta sha, sannan ta ce, “Dole ta karɓi duka biyun, mai suna ɗaya da mai gandu. Kuma kafin in sake ta sai na gwada ta a kan tsofaffin.” Na ce in ta gaji ta bari, za mu san yadda za mu yi. Ƙarya nake, ban san yadda za mu yi ba. Ta ce, “Furar ba nono, marowaci.”

Lahadi, 19 ga Mayu

Na bi Yaya bakin kogi. Tun da motoci suka daina hawa gada, kaya a jirgin ruwa suke ƙetarowa daga Malanbil, shi kuma dako yake yi, daga jirgi zuwa tudu. Ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai yau. Kafaɗarsa duk ta saɓule, ya naɗa tsumma.

Muka zauna kan wani jirgi da aka kife. Na daɗe ina kewaye-kewaye. Shi ya fara. Ya ce ba ƙasa yake so ba. Ya ce bana ba zai samu shiga gona ba, nan ne abincin yake yanzu, kuma ba zai iya buɗe rumbun da bai zuba gumi a ciki ba, yana babba. “Gara a ba ni nawa ya kwanta, da a ce ƙanena ke ciyar da ni.”

Ni da na yi mako ina zarginsa a zuci.

Na ce gishiri da man da ke cikin miyar Inna daga wace gona suka fito? Ya yi dariya ya ce in bar shi. Na ce gobe da hantsi a biro, in Allah ya sa abin ya yi. Aka kira shi ya tashi.

Litinin, 20 ga Mayu

Tabilet ta karɓi sabuwar shema. Tsofaffin ma duk kore. Zuliha ta zo da rigar jiya, da alama ba ta kwanta ba.

Na kawo Inna a kabu-kabu, babur ɗin haya, tana ta addu'a a bayan mai tuƙi. Zuliha ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, “Gwaggo, su wa za a sa?” Inna ta ce, “Ni, da wannan, da babban.” Ba ta kiran sunan ɗan fari, ko don tabilet.

Yatsanta ya ƙi kamawa, taɓarya ta cinye zanen. Zuliha ta hura masa iska ta goga a zanenta, ta riƙe shi a hankali kamar na jariri. Ya kama. Inna ta ce, “Ashe ta san mutane.”

Na sa nawa. Saura ɗaya. Gurbin ya tsaya ja, don an ce uku dole a ga uku. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, shugaba ya fara haɗa kujeru. Zuliha ta ce a hankali tana iya cire sunan, mu biyu ma ya isa. Na ce a jira.

Sai ga Yaya ya shigo, wandonsa jiƙe har gwiwa. Bai dubi kowa ba. Ya goge hannu a riga ya ɗora. Kore.

Ya ce, “To, sai a ba ni hanya, kaya na jira.” A ƙofa ya tsaya ya biya wa Inna kabu-kabun komawa.

Laraba, 22 ga Mayu

Iri ya zo, taki sai jibi. Zuliha ta ce gidajen da suka raba, biyu sun zo tambaya ko ana iya haɗewa. Ta ce ana iya, turakun ne ba ta da shemarsu.

Hadari ya taso gabas da la'asar, bai zuba ba. Na duba ƙasa, na ce wa Inna Asabar za mu zuba iri, a jiƙa shi tun gobe. Ta ce to. Yaya ma da ya dawo ya ce to.

Sai da na kai bakin rijiya na tuna ban tambayi kowa ba, alhali a da Baba ke sa ranar zuba iri.