Ni na bar notin birkin motar Baba a kwance

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni makaniki ne a Lafiya. Babanmu ya rasu ya bar wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko doya da ita daga Doma. Ta daɗe a tsakar gidanmu na Bukan Sidi, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ranar rabon gado ni da bakina na ce a kai wa 'yan gwangwan. Ƙanina, malamin firamare, ya ce a bar masa. Dariya na yi har da riƙe ciki, mutumin da bai san sifana mai lamba goma ba!

Ashe da gaske yake. Duk Asabar da Lahadi yana kanta, waya a hannu yana kallon bidiyo. Ya kankare tsatsa, ya sauke inji, ya ƙara mata sifirin, ya shimfiɗa sabon katako a baya, ya yi mata shuɗin fenti. Ranar da ta tashi Mama ta fito ba ɗankwali, ta dafa bonet tana hawaye, wai haka take jin ƙarar in Baba ya shigo layi. Ni da na shekara goma sha biyar a ƙarƙashin motocin mutane, yaushe Mama ta taɓa yin hawaye a kan aikina? Wani kwastoma har gareji ya ce mini, "Oga, wannan broda naka ya fi ka hannu fa." Na yi murmushi, amma wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Hassada ce, ba zan canza mata suna ba.

Abu ɗaya ne bai iya yi shi kaɗai ba, cire iska daga birki, don sai mutum biyu: ɗaya yana taka feda, ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan noti iska ta fita, ya sake ɗaurewa. Ya ce, "Yaya, abeg ka taya ni, kai ne oga." Na shiga ƙasa, yana takawa ina kwancewa. Da na zo tayar baya sai na bar notin sako-sako, yadda man birki zai riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Me nake so? Birki ya yi laushi a ƙofar gida, ya zo ya roƙe ni gaban mutane, a tuna waye makaniki. Iyakar niyyata ke nan, Allah shaida.

Bayan kwana uku ya fita gwaji ta hanyar Azuba. Mai acaba ya gifta, ya taka birki, feda ta tafi ƙasa. Ya kauce wa mutumin ya daki kwalbati. Hannunsa na dama ya karye, wanda yake riƙe alli da shi, gaban motar kuma ya lotse.

A asibiti ya ce, "Yaya, laifina ne. Ni tica ne, me na sani a mota?" Ya sa matarsa ta miƙo mini makullin motar, wai ni na fi cancanta da ita. Mama na gefe tana sa mini albarka. Na karɓa, na kasa kallon kowa.

Yanzu an sallame shi. Jiya ya ce ranar Asabar zai jawo kujera ya zauna kusa da ni in na buɗe birkin, in nuna masa daidai inda ya yi kuskure, don kada ya sake.

Jama'a, ina zan nuna masa? Me zan yi?