Kawu Idwal da Igiyar Pero

Zuwa ga Yayata Nesta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Dewi. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki a kan aikin asibitin nan, ya sa sanyin Kanada ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma waƙa a majami'a. Ni kuma ina nan ina hawa rufin mutane, tunda ruwa bai fasa zuba ba aiki bai yanke ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da biro ba mu saba ba.

Karenki Pero yana nan da ransa. Da wannan na fara don kada gabanki ya faɗi.

Makon jiya muka je filin Madam Glenys na bakin kogi, inda muka saba kafa tanti. Mama ta dage sai mun tafi da Kawu Idwal, wai tunda ya bar tuƙin bas yake zaune shi kaɗai yana gardama da rediyo. Tun a mota ya fara, wai ranar da muka raka ki filin jirgi shi kika kalla kika ce a kula miki da Pero, saboda haka igiya a hannunsa take. Ni da nake ba karen abinci, nake bin bayansa da ledar kwashe kashi safe da yamma, na miƙa masa igiyar.

Yaya, kin san ƙa'idar wurin. Kusa da tumaki kare yana igiya. In shanu suka biyo ka kuwa sakinsa ake yi, don shi suke nema, kuma ya fi su gudu. Abu biyu kacal, Kawu ya juya kowanne. Da safe ina fama da turakun tanti, iska tana neman ɗauke min shi, ashe Kawu ya kwance Pero wai ya miƙe ƙafa. Wai kare ido yake ji ba igiya ba, wai shi da ya yi rayuwarsa yana kwasar 'yan makaranta, kare ɗaya ne zai gagare shi? Kafin in ɗago Pero ya tsallake katangar duwatsu. Tumaki da 'ya'yansu suka watse har gefen dutse. Kawu yana tsaye da yatsu biyu a baki yana fito, fiton kuwa ba ya fita saboda haƙoran roba. Ni na bi ta cikin ƙaya da taɓo na kamo shi.

Madam Glenys ta iso a kan babur ɗinta mai ƙafa huɗu. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa na fi tsoron hakan. Ta ce ta san Pero tun yana kwikwiyo, amma in ta sake ganinsa cikin tumakinta bindiga za ta ɗauko. Kawu ya ce ai wasa yake yi da su. Ta dube shi ta ce wai, Idwal, kai ma tun kana saurayi wasa kake, shi ya sa har yau ba mata, kai kake dafa wa kanka shayi. Mama ta juya baya, na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

Na ɗauka ya ji jiki zai miƙo min igiyar. Ina! Sai ya ɗaure ta a bel ɗin wandonsa da wani ƙulli da ya ce na masu jirgin ruwa ne, ya rantse ba mai raba shi da karen nan. Na roƙe shi ya riƙe a hannu kawai. Mama ta ja ni gefe, wai in bar mata ɗan'uwa, ya sha kunya, kada in ƙara masa.

Washegari muka bi hanyar bakin kogi, wadda ta ratsa filin baƙaƙen shanun nan. Bana da maruƙa suke. Tun daga ƙofar shinge na ga wata babba ta daina tauna ta kafe Pero da ido. Na ce Kawu mu koma. Ya ce, kai ɗan nan, saniya ce fa ba zaki ba. Muna tsakiya suka taho, da farko a hankali, sannan ƙasa ta fara girgiza. Ina ihu ya sake shi, yana ihu wai matar nan ta ce bindiga. Na ce wancan tumaki ne, Kawu, waɗannan shanu ne! Da ya gane ya kai hannu, Pero ya riga ya ja ƙullin ya cije. Karen ya nufi ruwa ya tafi da shi, sai ga su cikin kogi, Kawu har ƙirji, shanu sun jeru a gaɓa suna huci. Igiyar ta naɗe wa Pero ƙafa, kansa yana nitsewa yana fitowa. Na shiga da wuƙar aikina na yanke ta. Pero ya haye da kansa, amma dutse ya tsaga masa tafin ƙafa. Likitan dabbobi ya ɗinke, yanzu yana ɗingishi da safa ɗaya, yana cin abinci sosai.

Abin da ya fi ƙona min rai, da yamma Kawu yana lulluɓe da bargon Mama yana bin tanti-tanti yana ba mutane labarin yadda ya ceci kare daga shanu. Wasu baƙi har gasa masa nama suka yi. Da za mu tafi Madam Glenys ta shafa kan Pero ta ce baɗi ma ya zo, in dai a hannuna yake.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kawu ya ce zai ɗauki Pero ya zauna wurinsa duk lokacin sanyi, su riƙa hawa dutse tare. Har ya sayo sabuwar igiya, irin wadda take miƙewa da kanta. Bayan gidansa kuma kin san tumakin wani ne, wanda bai san Pero tun yana kwikwiyo ba. Mama ba za ta iya ce masa a'a ba. Ni in na yi magana sai ya ce yaushe aka haife ni. Maganarki kaɗai zai ji. Don Allah ki kira shi, ba saƙo ba, don saƙo yadda ya ga dama yake karanta shi. Kuma kada ki yi irin naki na raba gardama, ki ce duk mu kula da shi. Ki ambaci suna ɗaya.

Mama tana gaishe ki, Goggo Menna ma ta ce in ce ki riƙa sa hula. Ki gaida Dewi da kyau. Kafin ki kira, kullum da Pero nake fita aiki, yana cikin mota ina kan rufi, in Kawu ya zo Mama ta ce masa mun tafi wurin likita. Mama ba ta iya ƙarya ba, saboda haka ki yi sauri.

Ƙaninki,
Emyr