Ni Ce Mai Riƙon Waya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya Legas, ya aikin tirela? Mu nan Ƙarfi kowa ƙalau, an gama yankan masara, Umma tana gaishe ka.

Baba, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma. Kishin Bilki nake yi. Ƙanwata ce, na sani, ni ma kunyar kaina nake ji. Amma abin ya ƙi barin zuciyata tun ranar da aka gyara a-kori-kurarka.

Ka tuna ranar. Kawu Lawal ya dawo daga kai auduga Funtua, shuɗin hayaƙi na bin motar tun daga bakin titi. Ya buɗe bonet, ya zare babban tiyon da ke kai wa injin iska, sai ga baƙin mai ya jiƙe cikinsa sharkaf. Ya ɗora hannu a ka yana salati, wai ringin cikin injin ne ya lalace, injin ya tafi, sai an sauke shi. Umma ta zauna a bakin rijiya ta yi tagumi, don ta san da motar nan muke ci.

Da ka kira mu ta bidiyo, cewa ka yi, “Ina injiniyata?” Bilki ta taho da gudu, ko ɗankwali babu. Ni ina gindin darbejiya da littafina, aka ce in zo in riƙe waya.

Na riƙe. Ka ce ta fara zaro sandar gwajin mai, ko an cika shi ya wuce layi. Daidai yake. Ka ce ta buɗe akwatin filta. Ta ɗago filtar, duk gashin auduga da ƙaiƙayi sun toshe ta, ka ce injin da bai samu iska ta ƙofa ba dole ya tsotso abin da ya tarar a kusa. Sannan ka sa ta cire wani ɗan bawul a saman injin, bai fi babban yatsana ba. “Kaɗa shi a kunnenki,” in ji ka, “mai lafiya ƙara yake yi.” Ta kaɗa, shiru. Dauɗa ta liƙe shi, shi ya sa injin ke turo mai ta hanyar iska.

Dariyar da ka yi, Baba! Rabon da in ji irinta tun kana gida. Ka ce Kawu ya sayo sabon bawul da filta a Funtua, a wanke tiyon da fetur a shanya, kada kowa ya taɓa ringi. Ka sa wa Bilki albarka. Ni kuwa abu ɗaya ka ce da ni: “Rumaisa, daina girgiza wayar mana.” Kuka nake yi a bayan wayar, ba ka gani ba, don fuskarta na kallon hannun Bilki.

Motar ta warke, hayaƙi ya ɗauke. Bilki ta yini ba ta wanke baƙin man da ke farcenta ba, tana nuna wa 'yan Islamiyya. Har na shafa ɗan kaɗan a nawa yatsan a ɓoye, in ji yadda abin yake. Wari kawai na ji.

Gaskiya ni ba na son injin, kuma ba zan iya yin kamar ina so ba. A littattafan da nake karantawa, yarinyar da ke zaune shiru a gefe ita ake juyowa a gani daga ƙarshe. Na yi ta jira. Ban ce ka rage wa Bilki komai ba, wallahi ta cancanta. Roƙona kawai, idan ka kira, kafin ka tambayi lafiyar mota, ka tambaye ni abin da nake karantawa. Ko ba ka gane ba, ka bar ni in ba ka labarin har ƙarshe.

Allah ya tsare mana kai a kan hanya, ya kare ka daga sharrin ƙarfe, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Da na yi niyyar cusa takardar nan a ƙasan akwatina. Amma gobe maƙwabcinmu Malam Isa zai kai shanu Legas, kuma ya ce zai biya ta garejinku. Yanzu zan sa hijabi in kai masa, tun kafin kunya ta dawo.

'Yarka,
Rumaisa